Kofin Inna da Sikeli

Ranar Talata

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda za ta same ku lafiya, kai da Anti da kowa da kowa. Yaya jikin Inna? Ka riƙe mata hannun nan na hagu da yake motsi, ka ce Autarta na gaishe ta. Ni ma ina nan lafiya, sai dai ƙunar tire a hannu, wadda ta zame mana ado a wannan sana'a.

Na san za ka ce ba na rubutu sai da dalili, kuma ba ka yi ƙarya ba. Shekara uku ke nan ina wanke tire da share gari a gidan burodin nan a matsayin 'yar wucin gadi, irin waɗanda in suka yi fashin kwana biyu sai su dawo su tarar da wata a gurbinsu. Yanzu mai gidan, wadda muke kira Uwar Sikeli a bayan idonta, ta ce za ta ɗauki mutum ɗaya cikin mu uku aiki na dindindin. Kowa zai kawo burodin da ba a taɓa yi a gidan ba. Wanda aka ɗauka yana da hutu duk shekara, ya je gida ya dawo ya tarar da aikinsa. Ka ga abin da ya sa na ƙwallafa rai.

Bakina ya riga ni, na ce mata na iya burodin waken suya na Inna tun ina yarinya. Rabin gaskiya ne. Murza ƙullu na iya, na san laushinsa a tafin hannuna, na san fulawa leda guda ce mai kilo ɗaya, na san gishiri da yis da mai. Awon garin waken suya ne Inna ba ta taɓa bar wa kowa ba. Sai ta gama haɗa garinta sannan ta kira ni, ta miƙo mini madara mai ɗumi ta ce in sha in sami ƙarfin murzawa. Abin da na sani kawai, kofi biyu take sawa, da koren kofin ƙarfen nan mai karyayyen mariƙi.

A nan kuwa ba a san kofi ba. Uwar Sikeli ta ce kofi ra'ayi ne, giram ne gaskiya, kuma duk abin da ba a rubuta nauyinsa a kati ba, ba zai shiga tandarta ba. Don Allah ka nemo kofin, ka sa a soya wake a niƙa yadda Inna ke yi, ka ari ƙaramin sikeli wurin mai kantin magani na bakin layi. Ka fara auna kofin ba komai a ciki, sannan ka cika shi ka sake aunawa, ka cire na farko daga na biyu. Ka ba direban da ya kawo maka wannan takarda amsar, da ɗan garin a leda. Gwajina ran goma ga wata ne.

Ƙanwarka,
Auta

Ranar Asabar

Auta,

Mun ga saƙonki, mun gode Allah da kina lafiya. Mu ma ƙalau muke. Inna na nan yadda kika bar ta, baki bai buɗe ba, amma tana cin abinci, idonta kuma tar yake, ba abin da ke wuce ta. Na karanta mata takardarki sau biyu. Da na gama ta karɓe ta cusa ƙarƙashin matashi, inda sauran guda huɗun suke. Ban faɗi adadin don in tsokane ki ba, ƙirga su ne ba ya da wuya.

Kofi ya ba ni aiki. Ashe Antinki ta mai da shi mazubin maɓallai da allura, don ita ba ta zo gidan nan ba sai bayan Inna ta kwanta, ba ta san darajarsa ba. Ta ce in bari ta yi awon, na ce a'a. Mutumin da ya shekara ashirin yana buga bulo, yana auna yashi da siminti tun safe har yamma, shi za a koya wa cika kofi? Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta koma kan keken ɗinkinta.

A ɗakin Inna na yi, a kan teburin magungunanta, don ta ga ana tunawa da burodinta. Kofin shi kaɗai giram ɗari da goma sha biyu. Na cika shi sosai yadda ya kamata, ban bar iska ko kaɗan a ciki ba, don kada a ce Yayanki ya yi miki ƙwauro. Sikeli ya nuna ɗari biyu da hamsin da biyu. In kin cire, kofi ɗaya giram ɗari da arba'in ke nan, biyu kuwa ɗari biyu da tamanin. Sau uku na maimaita, bai canza ba.

Da kin ga Inna. Tun da na fara zuba garin take bubbuga katifa da hannunta, tana wani sauti a maƙogwaro, idonta a kaina. Na daɗe ban ga ta motsa haka ba. Murna ce nake jin, ko kuma ƙamshin garin ne ya tuna mata da dā. Na ce mata, "Inna, kwantar da hankalinki, Auta za ta fitar da mu kunya." Sai ta juya fuska bango.

Ga garin nan a leda biyu, na ɗaure da kyau. In an ɗauke ki, ki tuna da wanda ya yi awo.

Yayanki

Ranar Alhamis

Yaya,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna da Anti. Ina lafiya.

An yi gwaji jiya. Na auna ɗari biyu da tamanin daidai, ban ƙara ban rage ba. Tun a wurin murza na ji ƙullun ya yi mini gardama, ya shanye ruwa yana neman ƙari, amma na ce ai lissafi ba ya ƙarya. Bai tashi ba sai ɗan kaɗan. Da aka fito da shi, Uwar Sikeli ta ɗaga ɗaya ta sake shi a kan tebur, sai da cokula suka yi ƙara. Ta tambaye ni a gaban kowa ko ginin ɗaki nake shirin yi. Wanda ta yanka, cikinsa danƙare yake, ga ɗacin wake a ƙarshen harshe.

Na ce mata wannan ba shi ne burodin mahaifiyata ba. Ta ce to ina na mahaifiyar tawa yake?  Don dai sauran biyun ma ba su burge ta ba, ta ce za a sake ran talatin ga wata, daga nan kuma ba wani.

Ba komai, kada ka damu kanka. Ni ce da laifi da na ɗora wa wanda bai taɓa sanin hanyar kicin ba aikin da ba nasa ba. Zan yi ta gwadawa da kaina.

Auta

Ranar Lahadi

Yayana,

Ina fata kuna lafiya, ina kuma roƙon Allah ya sa shirun nan ba na ciwo ba ne. Sau biyu direba yana zuwa, sau biyu ina tsayawa a bakin ƙofar baya da gari a hannu, yana ce mini ba saƙo. Na tambaye shi jikin Inna, ya ce shi dai bai ji komai ba. Na ɗauki waya in kira ka ya fi sau goma, sai in ajiye, don ban san da wane baki zan fara ba.

Na tuna abin da na rubuta maka a ƙarshen waccan takarda, kuma tun ranar ban ji daɗin raina ba. Magana zarar bunu ce. Da zafin kunya na rubuta, dariyar mutane tana nan a kunnena. Niyyata in ce laifin nawa ne, amma da na sake juya kalmomin a kaina sai na ji yadda za su sauka a kunnenka. Wai wanda bai san hanyar kicin ba. Kai da kake dafa wa Inna ruwan wanka kullum, kake ɗaga ta kake juya ta, kake ba ta abinci a baki cokali-cokali. Ni da na san hanyar kicin, ai ta ƙofarsa na bi na fice wata biyu da kwanciyarta.

Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Maganar rashin hutu gaskiya ce, amma na ji daɗin samunta, don ta zame mini mafaka. Tsoro nake ji, Yaya. Inna da ke cika gida da faɗa da waƙa, in zo in zauna gabanta ta dube ni ba ta ce komai ba, ban san yadda zan yi da fuskata ba. Shi ya sa ko a waya na daina cewa ka kara mata a kunne. Na bar maka kayan duka, sannan na aiko maka da baƙar magana a kai. Ka yafe mini.

Burodi kuwa na gwada sau biyar bayan an tashi aiki. Na sa ɗari biyu da ashirin, ya yi nauyi. Na sa ɗari, ya tashi kamar auduga amma ba shi da ƙamshin komai, burodin kowa da kowa ne. Na sa ɗari da tamanin, ya kusa, har na yi murna, amma da ya huce sai ya ɗan kwanta a tsakiya, na Inna kuwa ba ya kwanciya. Garin da ka aiko saura na yi ɗaya, na gwaji. Kwana tara suka rage. Ko ba za ka sake awo ba, ka rubuto mini layi ɗaya in san kuna lafiya.

Ƙanwarka mai neman afuwa,
Auta

Ranar Laraba

Auta,

Lafiyarmu ƙalau, Inna ma da sauƙi, ki kwantar da hankalinki. Antinki na gaishe ki, ita ce ma ta tsare ni yau ta ce ba zan fita aiki ba sai na rubuta wannan.

Maganarki ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Kwana uku ina buga bulo ina ba ki amsa a zuciyata, amsoshi masu kyau kuwa, da kin ji su da kin yi kuka. Amma ba fushi ne ya hana ni rubutu ba. A rana ta huɗu ina tsaye wurin aiki, na zuba kwaɓi a ƙarfen buga bulo, na ɗaga na buga da ƙasa, na danna da bayan shebur, na ƙara na sake dannawa. Sai hannuna ya tsaya. Auta, haka na yi wa garin nan. Na zuba, na bubbuga gindin kofin a tebur, na danna da babban yatsa, na ƙara har ya yi tozo. A sana'ata iska a cikin awo ha'inci ne, bulon da ba a danna ba rushewa yake. Bulo na auna miki, bulo kuma kika gasa.

Daga nan sai na tuna Inna tana dukan katifa. Na rubuta miki da hannuna cewa murna take yi. Ashe hana ni take, da iyakar abin da ya rage mata na magana, ni kuwa ina ce mata ta kwantar da hankali. Shekara uku ina taƙama ba wanda ya san abin da take nufi kamar ni. Shekara talatin kafin nan ina cin burodinta da zafinsa, ban taɓa tsayawa na dubi hannunta ba. Kunyar wannan ce ta rufe mini baki, har na riƙa kauce wa direba kamar na yi masa sata.

Na so in gyara a ɓoye, in aiko miki da lamba kawai. Na sake aro sikeli, na zuba garin ba dannawa. Yau in sami tamanin da takwas, gobe ɗari da biyar, ya danganta da yadda na ɗebo. Antinki ta gaji da kallona ta ce, "Mai kofin tana ɗaki a kwance, kai kana nan kana duba." Na ce ai ba ta magana. Ta ce, "Da baki ake awo?"

Shekaranjiya da hantsi muka tayar da Inna zaune, muka jera mata matasai. Na ɗora faranti a cinyarta, na kawo kofi da gari. Na ce, "Inna, na yi kuskure rannan. Nuna mini." Ta daɗe tana kallona, irin kallon da take mini in na shigo mata ɗaki da takalmi. Sannan ta ture ledar garin, ta yi ta nuna ƙofa har Antinki ta gane, ta kawo rariya. Ni na riƙe rariyar, Inna tana kaɗa ta da hagu, sai da muka tankaɗe garin duka ya yi laushi. Ba ta tsoma kofin cikin gari ba. Da cokali ta riƙa ɗiba tana zubawa a hankali, rabi na zuba a zane. Na kai hannu in taya ta, ta make ni. Da ya cika ta karɓi wuƙa ta shafe bakin kofin da bayanta. Na ɗora a sikeli, na cire nauyin kofi, giram casa'in.

Na ɗauki biro zan rubuta, sai ta sake dukan katifa. Wannan karon na ajiye biron na jira. Ta jawo kofin, ta sa cokalin shayi ta ɗebi guda, cike da tozo, ta juye a ɗan farantin da ake sa mata magani. Sannan ta tura mini kofin. Muka cika na biyu, shi ma ta cire masa cokali guda ta juye a farantin. Ta tura farantin gefen gado, wajen ƙofa, ta zauna tana kallon ƙofar.

Ke ba za ki tuna ba, kina da shekara biyu lokacin, ni ina da goma sha ɗaya. Kin yi wata doguwar jinya, kin ƙi cin komai, har wuyanki ba ya ɗaukar kanki. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce a riƙa dama miki garin waken suya a madara. Garin kuwa na sana'a ne, a ƙididdige yake, sai Inna ta riƙa cire cokali guda daga kowane kofi ta ajiye miki. Ina tsaye ina haɗiyar yawu, ana ce mini na Auta ne. Kin warke, kin girma, amma hannunta bai daina ba. Madarar nan da take ba ki kafin ki murza ƙullu, abin da ke cikinta ke nan. Na san wannan duka, na manta ne kawai, sai da na ga farantin.

To ga lissafi. Cokalin giram takwas ne. Kofin Inna, a tankaɗe, a shafe, a cire naki, giram tamanin da biyu. Kofi biyu, ɗari da sittin da huɗu. Mun yi sau uku a kwana biyu don kada ta gaji, bambancin bai wuce giram ɗaya ba. Ɗari da tamanin ɗinki da ya kwanta a tsakiya, kasonki ne kika bari a ciki.

Garin farantin ta hana a mayar cikin leda. Na juye a ƙaramar kwalba na rufe, tana kan tebur kusa da magungunanta. Ba ina faɗa miki don in ɗora miki nauyi ba, ni ma nawa ya ishe ni. Na yafe miki, ke ma ki yafe mini tubalin da na sa kika kai gaban mutane.

Yayanki mai buga bulo

Ranar Litinin

Yayana,

Ina gaishe ku duka, Anti kuwa gaisuwarta daban ce, ka ce mata na gode. Takardarka ta iso ana saura kwana biyu. A ɗakin ajiyar fulawa na karanta ta, na daɗe ban fito ba.

An yi gwaji, an ɗauke ni. Burodin ya tashi, ya huce bai kwanta ba, da na yanka shi ƙamshin ɗakin girkinmu ya bugi fuskata. Uwar Sikeli ta ci yanka biyu a tsaye ba ta kushe shi ba, wanda a wurinta yabo ne babba. Da ta zo rubuta kati ta ga ɗari da sittin da huɗu, ta ce wace irin lamba ce wannan, a mai da ita ɗari da saba'in mana, ma'aikata su huta. Na ce a'a, a bar ta yadda take. Ta dube ni ta saman tabarau, ta rubuta.

Hutun shekara ba ya farawa sai na yi wata shida. Ban jira ba, na roƙe ta kwana huɗu yanzu, na gaya mata dalili, har da maganar cokalin. Ta ce in dawo ran Laraba da sassafe, kada in makara ko minti ɗaya.

Har yanzu ina jin tsoron nan da na faɗa maka, bai tafi ko'ina ba. Amma zan biyo direba ranar Juma'a, in Allah ya yarda mu iso kafin la'asar. Kada ka gaya wa Inna da wuri, kada ta wuni tana kallon ƙofa. Ka dai sayo madara, ka bar kwalbar inda take.

Auta